Yadda Ake Fitar da Kaki Daga 'Ya'yan Itace Don Aikin Hannu a Makaranta

Da an ce kaki, hankalinmu kan zuma yake tafiya. Kyandir ɗin kanti kuwa daga ɗanyen man fetur ake samo abin haɗa shi. Amma akwai wasu itatuwa ƙalilan a duniya da ke lulluɓe 'ya'yansu da kaki mai kaurin da za a iya narkarwa a tara, har a yi kyandir da shi. Wanda ya fi sauƙin aiki da yara shi ne beberi na gabashin Amurka, domin ba ya buƙatar inji ko wani sinadari. Ruwan zafi, tsohuwar tukunya da ƙyallen tata sun wadatar.

Gara malam ko malama su sani tun kafin su ɗora tukunya: kakin da za a samu ɗan kaɗan ne. Wanda ke son riba ya nemi wata sana'ar. Amfanin aikin yana cikin abin da yara za su auna, su gani da idonsu, su rubuta. Itacen ba ya fitowa a ƙasar Hausa, don haka sashen farko ya fi shafar 'yan'uwanmu da ke zaune a Amurka da Kanada. Na gida kuma akwai kaɗanya, wadda za mu zo kanta a ƙasa, kuma dabarar ruwan zafi da tata ɗaya ce.

Itacen da kakinsa

Beberi kurmi ne mai rassa da yawa, ba doguwar bishiya ba. Iri biyu aka fi sani. Na arewa, Morella pensylvanica, yana fitowa a bakin teku daga gabashin Kanada zuwa Karolina ta Arewa, ya fi son ƙasa mai yashi irin ta Kep Kod a jihar Masacusets. Na kudu, Morella cerifera, ana samunsa daga Niyu Jasi har Fulorida da Tekzas. Itacen yana da namiji da mace, macen ce kaɗai ke yin 'ya'ya, don haka idan an ga kurmi ya yi kore shar babu ɗa ko ɗaya, ba ciwo ke damunsa ba. 'Ya'yan ƙanana ne, faɗinsu milimita 3 zuwa 5, launin toka, masu kaushi a hannu, a cunkushe jikin reshe. Wannan tokar da ke bayansu ita ce kakin. Cikin kuwa ƙwallo ne mai tauri, babu abin da muke nema a ciki.

Turawan da suka zauna a wannan gaɓar tun ƙarni na 17 sun riƙa yin kyandir da shi, saboda kyandir ɗin kitsen dabba da talakawansu ke amfani da shi yana wari, yana hayaƙi, yana kuma laushi da zafin bazara. Pehr Kalm, masanin tsirrai da Suwidin ta tura Amurka tsakanin 1748 da 1751, ya rubuta yadda ya ga ana tafasa 'ya'yan ana kwashe kakin. Yau yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa daga Kolombiya yake fitowa, daga wani ɗan'uwan itacen da ke tsaunukan Andis. A Afirka ta Kudu ma akwai wani iri, Morella cordifolia, a tudun yashin bakin tekun Kef, wanda aka daɗe ana kyandir da man goge katako da shi.

Masana sinadarai suna lissafa wannan kaki a cikin mai masu daskarewa, dangin kitse da man kaɗe, ba dangin kakin zuma ba. Shi ya sa ake iya yin sabulu da shi, shi ya sa kuma yake narkewa da wuri, a wajen digiri 45 na ma'aunin Selsiyos, alhali kakin zuma sai ya kai 62 zuwa 64.

Itatuwa biyu da ba na yara ba

Duk wanda ya bincika wannan batu zai ci karo da kakin Japan, wanda ake samu daga 'ya'yan itacen haze. Garin Uchiko a tsibirin Shikoku da shi ya yi arziki a ƙarni na 19, har yau akwai gidan tarihin kaki a garin. Sai dai itacen dangin yazawa da mangwaro ne, ruwan jikinsa na sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu tsanani. Wanda ya taɓa ganin abin da ɓawon ƙwallon yazawa ke yi wa leɓen yaro ya san inda aka dosa. Hanyar fitar da kakin ma sai an daka, an turara, an matse da babban matsi.

Na biyun shi ne itacen kitse na Sin, Triadica sebifera, wanda yanzu ya zama annoba a kudancin Amurka saboda yadda yake mamaye fili. Farin kakin da ke bayan ƙwayarsa yana da kyau, amma itacen dangin zurma ne da cini-da-zugu, kuma man da ke cikin ƙwayar yana da guba. Ko kyauta aka ba ku, ban ga dalilin kawo shi ajin firamare ba.

Mataki na farko: ɗiba

Lokacin ɗiba kaka ne, daga Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da 'ya'yan suka yi fari-fari sosai. A nemi izinin mai fili. Gandun gwamnati da wuraren shaƙatawa kowanne da dokarsa game da tsinke tsirrai, a tambaya kafin a shiga da bokiti.

Babban haɗarin wannan mataki shi ne wani tsiro mai guba da Amurkawa ke kira poizin aibi. Yana fitowa a wuri ɗaya da beberi, wani lokaci ma ya nannaɗe shi, kuma shi ma 'ya'yansa farare ne. Ana bambanta su ta haka: ganyen mai gubar uku-uku yake fitowa a kan sanda ɗaya, 'ya'yansa sumul suke, suna reto gungu-gungu. Na beberi ganye ɗai-ɗai ne, 'ya'yan kuma suna manne da reshe, da kaushi. Bayan an tabbatar da ido, sai a murza ganyen beberi a shinshina, yana da ƙamshin yaji mai daɗi. Babba ne zai tabbatar da kowane kurmi kafin yaro ya kai hannu. A sa safar hannu da dogon wando, in an dawo gida a duba jiki saboda kaska, domin a wannan yanki ita ke yaɗa cutar Laim.

A riƙe bokiti ƙarƙashin reshe, a zage 'ya'yan da yatsu su zubo. Kada a karya reshe, kada kuma a kwashe na kurmi ɗaya tas. Akwai tsuntsaye 'yan ƙalilan da cikinsu ke iya narkar da wannan kaki, da shi suke ketare hunturu in ƙwari sun ɓace. A ɗauki kashi ɗaya cikin uku a bar musu sauran.

Nawa za a tara? Adadin da aka fi ambata shi ne kilo 15 na 'ya'ya kafin a samu kilo 1 na kaki, ko da yake wasu kan samu fiye da haka in 'ya'yan sun nuna sosai. Kilo 3 ke nan zai ba da wajen giram 200. Wannan ya ishi aji guda.

Mataki na biyu: gyara da awo

A baza a faranti a tsince ganye da tsinke, a sheƙe a iska. Ganyen da ya saura shi ke baƙanta kaki. Kada a wanke da dirza, kada a daka, tunda abin da ake so a waje yake, dakawa datti kawai za ta ƙara. Yara su ɗora a sikeli su rubuta nauyin a littafi. Idan ba ranar za a dafa ba, a shanya a inuwa, kada a ƙulle a leda su yi fumfuna.

Mataki na uku: dafawa

Nan ne aikin ke kyau ko ya lalace. A samu tukunyar da aka sadaukar, domin ba za ta sake komawa girki ba. A zuba 'ya'yan, a zuba ruwa ya sha kansu da kamar santimita 5. A ɗora a wuta, da ya fara alamar tafasa a rage wutar har sai ƙananan kumfa ne kawai ke tasowa daga gindi. Tunda digiri 45 ya isa ya narkar da kakin, tafasa mai ƙarfi ba ta ƙara komai. Ɓarna ma take yi: ƙamshin ya bi tururi ya tafi, 'ya'yan su farfashe, kakin ya dagargaje ya gauraye da datti ya ƙi haɗuwa wuri ɗaya.

Bayan minti goma ko sha biyar za a ga 'yan ɗigo masu ƙyalli suna tasowa, suna haɗuwa da juna har su zama shimfiɗa mai launin kore-kore a saman ruwan. 'Ya'yan da suka shiga da launin toka sun koma baƙaƙe, alamar rigarsu ta fita. A nan ya kamata a kira yara bibbiyu su leƙa, daga ɗan nesa, babba na riƙe da marfi. A bar shi minti 30 zuwa awa 1, ana juyawa a hankali da muciya jifa-jifa. A buɗe taga, ƙamshin yana da ƙarfi a rufaffen ɗaki.

Mataki na huɗu: tata da sanyaya

Da zafinsa ake tacewa, in ya huce kakin zai daskare a jikin ƙyalle a yi asara. A shimfiɗa ƙyallen auduga mara kauri a kan rariyar ƙarfe, a ɗora kan kwano mai faɗin baki. Faɗin bakin yana da dalili: in bakin ya fi cikin ƙanƙanta, faifan kakin ba zai fito ba sai an farfasa shi. Babba ne zai juye. Bayan ruwan ya tsane, a kwarara tafasasshen ruwa buta guda a kan 'ya'yan don ya wanke abin da ya maƙale. Wanda ke so ya mayar da su tukunya ya sake dafawa zai ƙara samun ɗan wani abu, sai dai na biyun ya fi duhu.

A ajiye kwanon inda ba mai taɓa shi har washegari. Da safe za a tarar da faifai mai tauri a sama, launin koren zaitun, ƙasansa da baƙin laka. A zagaye gefen da wuƙa a ɗago shi, a kankare lakar.

Wani lokaci sai a ga ɓarɓashin kaki ya nutse ko yana shawagi a tsakiyar ruwa. Dalili shi ne nauyin wannan kaki dab yake da na ruwa, ɗan datti kaɗan ya isa ya ja shi ƙasa. Maganin gishiri ne: a sake ɗumama ruwan, a narkar da gishiri cikin tafin hannu biyu ko uku a kowace lita, ruwan ya ƙara nauyi, kakin ya taso. Malamin kimiyya da ya bar wannan ya wuce ba tare da ya tambayi yara dalili ba ya yar da darasin mako guda.

Ruwan da ya rage a zubar a ƙasa can gefe, banda mai gishiri kusa da shuka. Kada a zuba a bututun wanke-wanke, ragowar kakin zai daskare ya toshe shi.

Mataki na biyar: tsarkakewa

A farfasa faifan a zuba a gwangwani mai tsabta, a tsayar da gwangwanin cikin tukunya mai ruwan zafi. Daga yanzu har ƙarshen aiki haka ake narkar da kaki, ba a ɗora shi kai tsaye a wuta. In ya narke a tace ta sabon ƙyalle ninki biyu cikin ɗan kwano mai ruwan ɗumi a gindi, a bar shi ya daskare, a sake kankare ƙasan. Sau biyu ya isa. A bar shi ya bushe kwana biyu, domin kaki mai ruwa a ciki tartsatsi yake yi in an kunna. Sai a auna, yara su raba nauyin kaki da nauyin 'ya'ya su fitar da kaso cikin ɗari.

Idan wuta ta kama kaki, a kife marfi a kai a kashe murhu. Ba a watsa ruwa, ruwan zai fantsama wutar ne. A ajiye marfi da bokitin yashi kusa, da ruwan sanyi daban saboda ƙuna.

Abin da za a yi da shi

Kakin beberi zalla yana da gautsi, kyandir ɗinsa in ya faɗi ya karye. Ana haɗa shi da kakin zuma, kashi biyu na beberi da kashi ɗaya na zuma. Giram 200 da giram 100 sun zama 300, in kowane ƙaramin kyandir ya ci giram 15, yara 20 kowa zai tafi gida da nasa.

Lagwani na zaren auduga ake yi, a kitsa igiya uku, a tsoma a kaki a miƙar ya bushe. Zaren roba narkewa yake ya yi wari. Ga ƙananan yara, kyandir na zubi ya fi: a ɗaura lagwanin a tsinke, a gicciya tsinken a bakin ƙaramin gwangwani ko ƙwaryar katantanwar teku, malam ya zuba. Manyan ɗalibai za su iya na tsomi. A narkar da kakin cikin dogon gwangwani siriri, a tsoma lagwani a fitar nan take, a jira kamar minti ɗaya, a sake. Bayan tsomi 20 zuwa 30 zai yi kaurin yatsa. In kaurin ba ya ƙaruwa, kakin ya yi zafi da yawa yana narkar da na baya. In yana yin gudaji, ya huce da yawa.

Wanda bai tara abin kirki ba ma yana da aikin yi. A ɗinke 'ya'yan ɗanyu cikin ɗan buhun ƙyalle mai kauri, a riƙa goga gindin dutsen guga mai ɗumi a kai, sai ya yi santsi. Tsohuwar dabara ce ta matan Niyu Ingila, wato arewa maso gabashin Amurka, ta kuma koya wa yaro riƙe allura.

A gida: kaɗanya da kakin zuma

A Neja, Kwara, Kebbi, kudancin Kaduna, arewacin Gana da sauran ƙasashen da kaɗanya ke fitowa, ba sai an yi kwaɗayin itacen wata nahiya ba. Bambancin shi ne man kaɗe a cikin ƙwaya yake, don haka sai an fasa an niƙa, kuma albarkarsa ta ninka ta beberi nesa ba kusa ba, tunda kusan rabin nauyin busasshiyar ƙwaya mai ne, ko da yake aikin hannu ba ya fitar da shi duka.

'Ya'yan suna zuba da damina. Makaranta za ta iya sayen busasshiyar ƙwaya kilo 1 ko 2 a kasuwa. A daka ta sama-sama a turmi, a soya a wuta mara ƙarfi ana juyawa har ta yi duhu ta fara naso, ba tare da ta ƙone ba, sai a kai inji a markaɗa ta zama ƙullu mai laushi. A zuba a babban kwano, a riƙa bugawa da hannu ana yayyafa ruwan ɗumi, daga baya na sanyi. Wannan bugun yana cin lokaci da ƙarfin dantse. Ƙullun da ya fara da launin ƙasa zai riƙa yin haske, har a wayi gari an ƙara ruwa mai yawa, sai kumfa mai kauri fari-fari ya rabu ya taso, ruwan ja ya kwanta a ƙasa. A kwashe kumfan da hannu, a ɗauraye, a dafa a ƙaramar wuta har ruwan ya ƙone man ya yi garau, a bari datti ya kwanta, a tace.

Shawarata ita ce a gayyato wata dattijuwa da ta iya wannan aiki ta jagoranci ranar. Hannunta ya san lokacin ƙara ruwa fiye da duk abin da za a rubuta a takarda, kuma yara su ji malaminsu yana cewa "Inna, ya yi ko a ƙara bugu?" darasi ne a kan kansa. A biya ta ladan aikinta.

Man kaɗe shi kaɗai ba zai tsaya a matsayin kyandir ba. Yana fara narkewa tun daga digiri talatin da 'yan kai, alhali a Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu kan wuce 40. Shi ya sa iyayenmu a ɗan kasko suke zuba shi su sa lagwani su yi fitila. Don ya yi tauri sai da kakin zuma, wanda ake samu wurin masu amya. Saƙar da aka matse zumarta ana narkar da ita a ruwan zafi a tace, daidai da matakai na uku zuwa na biyar da ke sama.

A raba ajin gida uku, kowane rukuni da gwangwanin tumatir da aka goge kaifin bakinsa. Na farko su haɗa kakin zuma kashi biyu kaɗe ɗaya, na biyu rabi da rabi, na uku kakin zuma kashi ɗaya kaɗe biyu. A fara narkar da na zuman, a zuba kaɗen daga baya a juya. Bayan kwana biyu a jera gwangwanayen a inuwa da azahar, yara su danna da yatsa su rubuta wanda ya fi laushi. Sannan a rage lagwanin kowanne zuwa rabin santimita, malam ya kunna su tare a kan tiren ƙarfe, a sa agogo na awa ɗaya, a kashe, a auna nauyin da kowanne ya rasa. Wutar da ta nutse cikin mai ta mutu, lagwaninta ya yi siriri, a ƙara igiya a kitson. Wadda ke lilo tana baƙin hayaƙi, nata ya yi kauri ko tsawo, a rage shi a sake gwadawa.